Igiya Mai Jan Zare

Masu wankin gilashin dogayen benaye, waɗanda ake hangowa daga titi suna lilo a jikin bango, suna da kalmomi uku na laifi a wurin aiki, kuma ba sa yarda a cakuɗa su. Idan bokiti ya suɓuce wa mutum ya faɗo, kuskure ne. A yi masa dariya, ya wanke tsummokaran kowa ranar nan. Idan tun farko bai ɗaure bokitin ba don ya manta, sakaci ne. Sai a hana shi hawa mako guda, ya zauna ƙasa yana korar masu wucewa. Ta ukun ita ce ha'inci. Ba a faɗinta da wasa, ba a faɗinta cikin fushi, kuma ba a faɗinta sam muddin akwai mutum rataye a igiya. Abin da suke nufi da ita shi ne mutum ya sa alamar ya yi aiki alhali ya san bai yi ba. A kasuwa ma ana ce wa mai tauye awo haka, gobe kuma a koma a saya a wurinsa. A saman bene ba a komawa. Wanda aka faɗa wa ita sau ɗaya, ba mai sake karɓar ko tsumma daga hannunsa.

A wata ƙungiya ta irin waɗannan ma'aikata akwai dattijon da kowa ke kira Mai Igiya. Shekara talatin da ɗaya yana aikin, goma sha huɗu a bango, sauran a kan buhu yana duba igiyoyi. Kowace safiya sai ya zauna a saman rufin, ya cire safar hannu, ya rufe ido, ya bi igiyar da tafin hannunsa tun daga wannan baki har wancan, gaba hamsin. Sun ce ido yana ruɗuwa da launi da datti, amma fata ba ta ruɗuwa: inda igiya ta yi laushi, inda ta kumbura, inda zare ɗaya ya tashi, hannu zai faɗa. In ya gama sai ya ɗaura ɗan jan zare a bakinta da wani ƙulli nasa. Igiyar da ke da jan zare ba mai sake dubawa, don sake dubawar zagi ne. Wadda ba ta da shi kuwa ba mai rataya a jikinta. Da irinta ake sauke bokiti.

Mutum ne mai shiru-shiru da son tara abin mamaki. Yana da gwangwani a ɗakin ajiyar kaya, cike da abubuwan da masu hawa suka tsinto masa a bakin tagogi: makulli, idon 'yar tsana, sheƙar tsuntsu da aka saƙa da wayar lantarki zalla, da haƙorin mutum guda. Har yau ba wanda ya san yadda haƙori ya kai hawa na goma sha tara ta waje.

Abin da ba wanda ya sani kuma shi ne wata bakwai ke nan hannuwan Mai Igiya sun daina ji. Daga kan yatsu abin ya fara, kamar ya sa wata safar da ba ta ciruwa, ya gangaro har tafin. Maɓallin riga sai ya duba yake sawa. Likita ya ce ciwon suga ne, ya rubuta masa magani, shi kuma ya ninke takardar ya sa cikin hula. Da farko ya gwada bin igiyar da leɓensa a ɓoye a ɗakin ajiya, don leɓen yana ji. Kwana biyu bakin ya saluɓe, ya bari. Daga nan sai ya riƙa buɗe ido kaɗan-kaɗan yana leƙe, idon kuwa ba wani na kirki ba. Kullum yana ce wa kansa wata mai zuwa zai faɗa. Kullum kuma sai ya ɗaura zaren.

Ranar da abin ya faru, aikinsu a wani gini ne mai hawa ashirin da biyu, gilashi tun daga sama har ƙasa. Su huɗu ne a rufin: Sarkin Aiki, da wani mai yawan surutu da ake ce wa Gajere, da Mai Igiya, da wanda zai sauka bango, Ƙadangare. Shi Ƙadangare mijin autar Mai Igiya ne, kuma surukin nasa ne ya kawo shi aikin.

Ya zo ya durƙusa gefen buhun, ya jira har dattijon ya buɗe ido.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya mutanen gidan?"

"Suna gaishe ka. Ta ce in ce maka ta gan ka shekaranjiya ka wuce ta ƙofar gida ba ka shigo ba."

"Sauri nake yi."

Gajere ya leƙo daga bayan tankin ruwa da kofin shayi a hannu. "Kai Ƙadangare, yau ma da karin guga a wando? Gilashi za ka wanke ko zance za ka?"

"Zancen na gama shi tuni, ga mai 'yar nan zaune. Ka iya bakinka."

"Ai shi ya sa kullum igiyarka ake fara dubawa. Ni da ba ni da suruki a nan, sai abin da ya rage."

"Wa zai ba ka 'ya? Sai dai a haɗa maka da tsani."

Sarkin Aiki ya ce su bar shirme rana tana yi. Igiya biyu mai sauka yake amfani da su. Babbar, wadda ke ɗauke da nauyinsa, suna ce mata uwa; tana bi ta cikin wani ƙarfe da suke kira birki, da shi mutum ke sassautawa ya sauka. Ƙaramar kuma 'yar rakiya, tana maƙale a zoben ƙirjinsa, ba ta aikin komai sai ran da uwa ta ci amana. Mai Igiya ya bi su duka biyun, ya ɗaura wa kowacce zarenta, ya yi maza ya mayar da safar hannunsa kamar yadda ya saba yi kwanan nan. Ƙadangare ya zauna a ɗan katakonsa da ke rataye a jikin uwa, ya yi bisimilla, ya tura bango da ƙafa, kansa ya ɓace a bayan katangar rufin.

Aikin Mai Igiya na biyu shi ne ya sauka ƙasa ya tsare jelar igiyoyin, kada wani ya ja ko mota ta taka. Ya shiga lif. A hawa na ashirin wata mai shara ta shigo da bokitinta, mace mai jiki, ta gaishe shi sama-sama. Suna cikin tafiya sai ta yi tsaki.

"Haba Malam! Yanzun nan fa na goge ƙarfen nan."

Ya duba ƙarfen da ya riƙe. Jini ne a jiki, shatin hannu sosai.

"Ba ni ba ne," in ji shi.

"To ni ce? Ɗaga hannunka mu gani."

Safar hagun ta jiƙe ta yi baƙi. Da ya zare ta sai ga yanka a gindin tafin, siriri, miƙaƙƙe, tsawon ɗan yatsa, yana ta tsattsafowa. Matar ta ajiye sandar gugarta ta kama hannun ba tare da ta nemi izini ba.

"Innalillahi! Kai ba ka ji wannan ba? Tsaya, akwai abu a ciki." Ta sa farce ta ciro wani ɗan ɓarɓashi, ta ɗaga shi a hasken fitila. "Gilashi ne. Ina ka dafa gilashi da sassafen nan?"

Bai dafa gilashi ba. Tun da ya cire safa har ya mayar, abu biyu kawai ya taɓa. Sai ya tuna jiya da yamma an sauko da wata fasasshiyar taga a bayan ginin, kuma a nan ƙasan aka naɗe igiyoyin kafin a zuba su a buhu. Tsinin gilashi ya shige cikin ɗaya daga cikinsu ya kwanta. Ya bi ta kansa da hannu, ya yanke shi, bai ji ba. Bai ma san wacce ba ce.

Ƙofar lif ta buɗe a ƙasa. Ya fita kamar mai tafiya a cikin ruwa, ya zagaya gefen ginin, ya ɗaga kai. Can sama ga Ƙadangare, ɗan ƙarami kamar ƙuda a jikin madubi, yana kai hannu dama da hagu. Mai Igiya ya ƙirga tagogi daga sama: hawa na goma sha bakwai. Digon ruwan sabulu yana saukowa yana watsewa tun kafin ya iso.

Jelar igiyoyin biyu na nan suna reto a gabansa, kowacce da jan zarenta. Ya kama su ya matse. Da itace ya riƙe da iska ya riƙe, duk ɗaya ne.

Nan zuciyarsa ta fara yi masa magana mai daɗi. Wataƙila ɓarɓashin da matar ta ciro shi ke nan duka. Wataƙila tsinin yana can kusa da ƙarshe, inda ko ta tsinke faɗuwar ba nisa. Wata bakwai ana hawa ana sauka, me ya faru? In ya yi shiru, da azahar yaron zai taka ƙasa ya ce Baba sannu da tsaro, shi kuma da daddare ya zo ya ƙone igiyoyin duka. Ya tsaya yana sauraron wannan magana har Ƙadangare ya sassauta birki ya zamo hawa guda. Igiyoyin suka motsa a hannunsa. Da ido ya gani.

Akwai 'yar rediyon hannu a aljihunsa, wadda suke kira oba-oba, amma duk abin da aka faɗa a cikinta har na bango yana ji, kuma ba a firgita mutum yana rataye. Ya roƙi mai gadin ƙofa ya kula masa da jelar, ya koma da gudu-gudu. Mai sharar tana nan tana goge ƙarfen tana mita. Lif ya tsaya a hawa na uku, mutum biyu suka shigo suna gardama a kan wani taro. Ya tsaya a na shida, ba kowa. A na tara wani ya riƙe ƙofa da ƙafa yana jiran abokinsa ya gama waya. Matar ta dubi fuskar Mai Igiya, ta sa sandar guga ta ture ƙafar mutumin.

A rufin, Sarkin Aiki yana tsaye kusa da inda aka ɗaure igiyoyin.

"Lafiya? Wa ka bar wa ƙasa?"

Mai Igiya ya miƙa masa tafin hannun. "Akwai gilashi a cikin igiya. A tsayar da shi."

Sarkin Aiki ya dubi yankan, ya dubi igiyoyin. Shekararsu ashirin tare. "Wacce?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba? Abu ya yanke ka haka..." Ya sassauta murya. "To, sanyin safiya ne, yana kashe hannu. Kuskure ne, kowa yana yi. In a uwa yake, 'yar rakiya za ta riƙe shi. In a 'yar rakiya yake, uwa lafiyarta lau. Bari in ce ya bar wankin ya sauka a hankali."

"Kada ya motsa."

"Don me? Igiya biyu ba sa lalacewa rana ɗaya."

"Ba rana ɗaya ba ce," in ji Mai Igiya. "Wa ya duba 'yar rakiyar?"

"Kai mana."

"Wata bakwai ba wanda ya duba ta. Ba wanda ya duba ko ɗaya. Hannuna ya mutu, Sarki. Ko wuta ka ɗora mini ba zan ji ba."

Gajere, da ke zuba sabulu a bokiti, ya bar jarkar tana tsiyaya a ƙasa. Sarkin Aiki ya daɗe yana kallon dattijon. Kalmar tana bakinsa, ana ganinta, amma akwai mutum a igiya. Ya haɗiye ta, ya ɗauki oba-oba, ya gyara murya.

"Ƙadangare, kana ina?"

"Goma sha biyar, ranka ya daɗe. Akwai wani a ciki yana barci a kan tebur, bakinsa buɗe. In ƙwanƙwasa masa?"

"Ƙyale shi. Kulle birkinka ka huta kaɗan. Kada ka sauka, kada ka yi lilo. Masu ginin ne suke wani ƙorafi."

"Ni da hutu ai ba ma faɗa."

Sarkin Aiki ya zazzage buhun. Igiya uku suka rage, kowacce da jan zare. Ya zaro wuƙa ya yanke zaren ɗaya ya yar, ya cire safar hannunsa, ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe ido. Rabonsa da duba igiya da kansa an fi shekara goma. Gajere yana warware masa, shi yana bi, a hankali, taƙi bayan taƙi. Gaba ashirin suke bukata su kai ga mutumin, kuma ba a yi wa wannan aiki gaggawa.

Ba wanda ya ce wa Mai Igiya ya yi komai. Ya je ya kwanta rub da ciki a kan katangar rufin ya leƙa. Bangon ya miƙe ƙasa santsi, motoci a can kamar ƙwayar wake. Ga tsakar kan Ƙadangare, yana kaɗa ƙafa. Ya bi uwar igiyar da ido tun daga bakin katangar. Kamar gaba uku ƙasa da shi sai ya ga wani ɗan fari a jikin baƙar igiyar, kamar an manna auduga. Ya murje ido ya sake dubawa. Birki ya riga ya bi ta wurin ya danna tsinin ciki, yanzu nauyin mutum ne ke jan igiyar a kan kaifin. Iska ta taso, igiyar ta juya, farin ya ɓace. Ta juyo, ya dawo, ya ɗan fi da girma.

"Sarki," ya ce, ba tare da ya waiwaya ba. "Na gan shi. A uwa yake. Yana buɗewa."

"Gaba nawa muka yi?" in ji Sarkin Aiki, idonsa a rufe.

"Goma sha ɗaya," in ji Gajere. Muryarsa ta zama ta wani.

Oba-oba ta yi ƙara. "Jama'a, kun manta da ni ne? Katakon nan ya fara cin mutuncina."

"Yi haƙuri kaɗan."

"Wane ne wancan ke leƙo ni? Baba ne? To wa ke ƙasa?"

Mai Igiya ya ga wani zare fari ya fita daga wurin, ya miƙe, ya naɗe kansa a iska. Sai wani. Ya kama kansa yana ƙirga su, ya daina.

Da aka kai gaba ashirin, Sarkin Aiki ya ɗaure igiyar a ƙarfen rufin, ya bi da ita ta cikin tayar jan kaya, ya sa ƙugiya a bakinta, suka zura ta. Ta sauka tana bugun gilashi har ta tsaya a kafaɗar Ƙadangare.

"Saurara da kyau," in ji Sarkin Aiki. "Uwarka ta sami rauni a sama. Ka cire 'yar rakiya daga zoben ƙirjinka, ka sa wannan, za mu jawo ka."

Zoben ɗaya ne, ƙugiya ɗaya yake ɗauka. 'Yar rakiyar kuma ba a iya jawo ta a duba tana maƙale da shi. Daga sama Mai Igiya yana ganinsa yana jujjuya bakin sabuwar igiyar a hannu.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ta da zare."

Sarkin Aiki ya dubi guntun zaren da ya yanke yana kwance a ƙasa, ya dafe kai. "Ni na duba ta da hannuna."

"Allah ya ba ka haƙuri, amma ba zan saki mai zare in kama ta bokiti ba. In uwa ta tsinke, 'yar rakiya na nan. Baba ya duba ta a gabana."

"Umarni nake ba ka!"

"Ka kore ni in na sauko. Shekara shida kana gaya mana ko kai ka miƙo marar zare kada mu karɓa."

Gajere ya matso kusa da dattijon. "Baba, mu jawo ta ka ɗaura mata zaren, ya gani ya yarda. Ba sai an gaya masa komai ba."

Mai Igiya ya duba ƙasa. Rigar igiyar ta rabu gaba ɗaya a wurin, ta zame sama da ƙasa, sai farin cikin kawai, siriri kamar yatsan jariri. A jawo gaba ashirin, a ƙulla da yatsun da ba sa ji, a mayar. Ya miƙa hannu.

"Ba ni rediyon."

Sai da ya duba ya tabbata yatsansa ya danna maɓallin.

"Mijin Auta. Ni ne."

"Na'am, Baba."

"Zaren da ka gani a igiyoyinka ƙarya ne. Ban duba su ba. Hannuna ba ya ji, tun wata bakwai, na ɓoye. Ina rufe ido ne kawai ku gani." Ya ja numfashi. "Ha'inci na yi. Ka kama ta Sarki."

Gajere ya toshe bakinsa da hannu. Ba a taɓa jin kalmar a saman rufi da mutum a rataye ba, balle daga bakin mai ita.

Kan da ke ƙasa ya ɗago, ya dubi sama, ya daɗe. Sannan hannuwan suka koma ƙirji. Mai Igiya ya ga 'yar rakiya ta saki, ta yi gefe tana reto. Yanzu ba abin da ke tsakanin mijin 'yarsa da titi sai wannan ɗan farin. Ƙugiyar ta bugi zoben ta goce. Ta sake bugawa ta goce. Iska ta kaɗa katakon, wani zare ya tsinke, wannan karon har ƙararsa an ji, ƙas. A karo na uku ƙugiyar ta shiga.

"Na sa," in ji muryar, can ƙasa-ƙasa.

"Ja!" in ji Sarkin Aiki.

Mai Igiya ya taso zai kama. Sarkin Aiki bai ko dube shi ba. "Kada ka taɓa."

Su biyu ba za su iya ba. Sai ga mai sharar nan, ashe ta biyo shi da bandeji tun ɗazu tana tsaye a ƙofar matakala. Ta jefar da bandejin, ta ɗaure zaninta, ta shiga bayan Gajere. Suka ja, suka huta, suka ja. Uwar igiyar ta saki ta yi lanƙwasa. Dattijon yana tsaye gefe, hannuwansa a rataye, jini na ɗiga a kan takalminsa. An daɗe kafin yatsu su bayyana a bakin katangar, sannan hula, sannan mutum. Ƙadangare ya mirgino ciki ya kwanta a kan siminti, yana numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Gajere ya faɗa kansa yana kuka yana zaginsa a haɗe.

Sarkin Aiki ya jawo uwar igiyar ya lanƙwasa ta a wurin. Tsinin ya leƙo, bai fi yankan farce ba. Cikin zaruruwan ciki, uku suka rage. Ya jawo 'yar rakiyar ma ya bi ta da hannu, bai yi gaba shida ba ya tsaya a wani wuri da ya yi laushi kamar tsumma, inda wani ruwan wanki mai ƙarfi ya taɓa zuba ya cinye ta. Ya miƙa hannu, Mai Igiya ya ciro makullin ɗakin ajiya ya ba shi.

Dattijon bai jira lif ba. Ya bi matakala, yana dafa bango. Ya sauka hawa biyu sai ya ji taku a bayansa, a hankali, taku mai nauyi na wanda ƙafafunsa ba su gama dawowa ba. Bai waiwaya ba. In ya tsaya ya huta, takun ya tsaya. In ya ci gaba, ya ci gaba. Haka suka yi hawa ashirin da biyu, tsakaninsu kwana ɗaya ta matakala, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

A ƙasa, wajen ƙofar baya inda ake ajiye kwandunan shara, ya tsaya ya juyo. Ƙadangare ya ƙaraso. Wandon mai karin guga ya jiƙe sharkaf da ruwan sabulu. Bai durƙusa ba, kuma bai ɗaga ido ya dubi surukinsa ba. Ƙasa yake kallo.

"Baba, ni ba zan gaya wa Auta ba."

Mai Igiya ya buɗe baki zai yi godiya.

"Kai za ka gaya mata. Yau. Ina zaune a wurin."

Ya wuce gaba ya tura ƙofar, ya riƙe ta a buɗe yana jira.